Yadda Za Ka Ƙiyasta Tsawon Rayuwarka Daga Tarihin Dangi Da Halin Zamanka

Ranar da na je wurin gwaggona da littafi da biro, na ce ina so ta lissafa mini 'yan uwanmu da suka rasu da ciwon da ya yi ajalin kowanne, sai ta ajiye carbinta ta kalle ni ta saman gilashi.

"Kai ɗan nan, duba ka fara yi?"

"A'a Gwaggo, likita ne ya tambaye ni, na kasa ba shi amsa."

"To me zai kashe mutum in ban da kwana ya ƙare?"

Gaskiyarta, kuma daga nan ya kamata a fara. Babu biro ko kwamfutar da za ta faɗa maka ranar da za ka bar duniya. Abin da za mu yi a nan ƙiyasi ne irin na manomin da ya dubi hadari ya ce yau da wuya a kwana ba ruwa. Kamfanonin fansho suna yin irin wannan lissafi a kan kowane ma'aikaci da ya ajiye aiki, domin su san yadda za su raba masa kuɗinsa wata-wata. Tun a 1693 wani masanin taurari ɗan Ingila, Edmond Halley, ya yi amfani da rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau ya fitar da jadawalin da ke nuna mutum nawa cikin sa'o'in juna ke kaiwa kowace shekara. Jadawalin yana magana a kan taron jama'a ne. Kai kuma aikinka shi ne ka gano inda ka faɗa a cikin taron, da abin da ke jan ka baya.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda, biro, igiya ko zare mai tsawo, dattijuwa ɗaya mai riƙe tarihin gida, da kuɗin gwaji biyu ko uku a asibiti.

Mataki na farko: samo lambar da za ka fara da ita

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji an ce tsawon rayuwar ɗan Najeriya shekara 54 ne, kamar yadda ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna, sai mai shekara 50 ya ɗauka saura masa huɗu. Ba haka lissafin yake ba. Wannan lamba ta jaririn da aka haifa yau ce, kuma mace-macen ƙananan yara ne ke janyo ta ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Idan mutum ɗaya ya rasu yana jariri, wani kuma ya kai 90, matsakaicinsu 45 ne, alhali babu wanda ya mutu a 45 a cikinsu. Haka ma lambar Nijar, wadda take wajen 61, da ta Ghana, wajen 65.

Kai da ka tsallake baƙon dauro da zazzaɓin yarinta, lambarka ta wuce nan. A Najeriya, jadawalan hukumomin duniya suna ba mai shekara 45 sauran shekara 25 zuwa 30, mai shekara 60 kuma 14 zuwa 18. Wato magidanci ko uwargida mai matsakaicin shekaru su rubuta 72 a saman takarda, wanda ya haura 60 ya rubuta 76. Mata a duniya sun fi maza daɗewa da kusan shekara biyar, amma a wurinmu ratar ƙarama ce ƙwarai, kuma haihuwa na cikin dalilai. Saboda haka mace ta ƙara ɗaya ko biyu kawai, bayan ta gama haihuwa.

Mataki na biyu: zama da dattawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya fi daɗi. Raba takardarka gida biyu, ɗakin uba da ɗakin uwa. Rubuta iyaye, kakanni huɗu, baffanni da gwaggonni, kawunnai da innoni, sai waɗanda kuke ciki ɗaya da 'yan uba. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya ka kula da wannan: ɗan ubanka rabin jininku ne ya haɗu, saboda haka ciwonsa yana ba ka labarin ɓangaren uba kaɗai. Idan kuma iyayenka auren zumunci suka yi, ɗakunan biyu sun zama kusan ɗaya, abin da ke cikin jinin gidan yana iya zuwa maka ta ƙofa biyu.

A gaban kowane suna kana neman abu uku: shekarun da ya yi, ciwon da ya yi fama da shi, da shekarunsa lokacin da ciwon ya fara. Na ukun ya fi na farkon amfani.

Matsalar shekaru za ta fara tare ka. Tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, kuma duk wanda ya yi furfura ya ranƙwafa sai a ce ya haura ɗari. Kada ka tambayi shekara, tambayi abin da ya faru. Yana da aure lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956? Ta yi haihuwar fari kafin a kashe Sardauna a 1966 ko bayan nan? Ya rasu kafin canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko a farin da aka yi a shekarun nan? Da irin waɗannan turaku za ka ɗaure lissafinka. Kakan da gwaggona ta rantse ya yi 105, da muka bi ta wannan hanya, sai ga shi bai wuce 86 ba. Ka kuma tuna cewa in da watan Musulunci aka ƙirga, kowace shekara 33 daidai take da 32 ta kalandar Turawa.

Sai matsalar sunan ciwo. "Ciwon ajali" shi ne amsar farko da za ka samu, kuma bai kamata ka yi gardama da ita ba. Ce kawai, "Allah ya ji ƙansa, Gwaggo, amma yaya jikin nasa ya yi kafin nan?" Daga nan labari zai fito, kai kuma ka fassara. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, baki ya karkace, ɓari ɗaya ya shanye, aka ce bugun aljani ne ko jifa, ka rubuta shanyewar ɓarin jiki, kuma ka zargi hawan jini. Wanda ya dafe ƙirji yana gumi ya cika cikin awa ɗaya, ka zargi zuciya. Wadda take yawan fitsari da ƙishirwa, ƙafa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, ciwon suga ne. Wanda ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura ya cika da ruwa, hanta ce. Wadda aka ce daji ya kama nononta, sankara ce. Yaran da suka yi ta ciwon ƙashi da ƙarancin jini suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har aka kira uwarsu mai wabi, ka sa alamar tambaya ta sikila.

Yanzu ka soke waɗanda mutuwarsu ba ta da alaƙa da jini: haɗarin mota, yaƙi, sanƙarau, amai da gudawa, agana, saran maciji. Kakan da annoba ta ɗauke yana ɗan 35 bai faɗa maka komai a kan jikinka ba.

Mataki na uku: auna nauyin gado

Mutane suna ba gado nauyin da ya wuce nasa. Za ka ji mutum yana busa taba yana cewa su gidansu ba a mutuwa da wuri. An bincika wannan a ƙasar Denmark, inda aka bi tarihin tagwaye fiye da 2,800 da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, aka gano cewa gado yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na bambancin tsawon rai. Wani bincike na 2018 da ya yi amfani da salsalar mutane miliyan 400 ya ma sauko da shi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Abin da ake gada a gida ba jini kaɗai ba ne, har da tukunya: yawan gishiri, yawan mai, zama wuri ɗaya, da ƙin zuwa asibiti.

Saboda haka kada ka ɗauki shekarun ubanka ka ce su ne naka. Abin da kake nema a takardar shi ne ciwon da ya maimaita kansa, da wanda ya zo da wuri. Likitocin zuciya suna da layin da suka ja: idan uba ko ɗan'uwa namiji ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, ana ɗaukar gidan a matsayin mai haɗari. Idan ka ga irin wannan, ko shanyewar ɓarin jiki a ƙananan shekaru, ko ciwon suga a mutum biyu na kusa, rubuta "cire 2". Idan iyaye biyu duk sun haura 80 da ƙarfinsu, rubuta "ƙara 2". Waɗannan ƙananan lambobin nawa ne na sauƙaƙa lissafi, na kuma rage su da gangan.

Akwai abu ɗaya da yake kama da gado alhali ba gado ba ne, kuma ya cancanci ka dakata a kansa. Idan ka ga mutum biyu ko uku a ɗakin mahaifiyarka hanta ce ta kashe su, wataƙila ƙwayar cutar hanta nau'in B ce take bin gidan, domin uwa na ba ɗanta ita wajen haihuwa, yara kuma na ɗauka a tsakaninsu ta aska da kaciya da ƙananan raunuka. Wani binciken ƙasa na 2018 ya same ta a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya. Tana iya yin shekara talatin shiru kafin ta zama sankarar hanta. Gwajinta ɗigon jini ne, wanda ba shi da ita akwai allurar riga-kafi, mai ita kuma akwai maganin da ke danne ta. A ganina wannan layi ɗaya ya isa ya biya wahalar zaman da aka yi da dattawa.

Mataki na huɗu: auna jikinka yau

Kada ka yi wannan da ka, domin hawan jini ba ya sallama. Je a auna jininka sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, kana zaune ka huta na minti biyar. Idan yana tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, kana da shi. A binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara tun 1948, masu hawan jini a shekara 50 sun gaza waɗanda ba su da shi da kusan shekara biyar. Rubuta "cire 5" idan kana da shi kuma ba ka shan magani, ko kana sha sai ranar da kai ya sara.

Sai suga, da safe kafin ka ci komai. Daga 126 (a ma'aunin mg/dL) zuwa sama, idan aka sake gwadawa ya maimaita, ciwon suga ne. Mai shekara 50 da ke da shi yakan gaza sa'ansa da kusan shekara shida, kuma gwargwadon yadda ya zo da wuri, gwargwadon ɓarnarsa: wanda ya kamu a 30 asararsa na iya kaiwa 14.

Na uku ba ya buƙatar ko sisi. Ɗauki igiyar nan ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar ka, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya, ba tare da ka shanye tumbi ba. Idan bakunan sun haɗu, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kuma kitsen da ke wurin shi ne wanda ke kiran suga da hawan jini. Na yi wannan a tsakar gida, yarana suna ta dariya, saura yatsa huɗu igiyar ta haɗu. Babbar riga tana rufa asiri, igiya ba ta yi. Wani nazari na 2009 a kan mutum 900,000 ya nuna matsakaiciyar ƙiba tana cin shekara biyu zuwa huɗu, mai tsanani kuma takwas zuwa goma. Rubuta "cire 3" ga tumbin da ya ƙi igiya da tazara mai yawa.

Mataki na biyar: halin zama

Taba ce babbar ɓarauniya. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Ingila maza fiye da 34,000, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Masu shan taba sun riga waɗanda ba sa sha mutuwa da kusan shekara 10. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sauran sakamakon: wanda ya daina a shekara 30 ya dawo da kusan duka goman, a 40 ya dawo da tara, a 50 shida, a 60 uku. Shisha ma taba ce, ƙamshin tuffa bai sauya mata hali ba.

Motsa jiki: a Taiwan an bi mutum fiye da 400,000, aka ga cewa minti 15 na tafiya mai ɗan sauri a kullum ya zo da ƙarin kusan shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son minti 150 a mako. Manomi da mai tura ruwa da matar da ke daka sun riga sun cika wannan, su ƙara 3. Mai zaman shago ko ofis da ke hawa babur zuwa masallacin unguwa bai samu ba.

Abinci da wuya a ba shi lamba ɗaya, amma ka duba gishiri. Abin da ake so kada ya wuce giram biyar a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, wanda galibinsa gishiri ne. Ka ƙirga nawa ake jefawa a tukunya ɗaya a gidanka, ka ƙirga cokalin suga a kofin shayi da kwalaben lemo a mako. Gero da dawa da wake da zogale da kuka da muka gada ba su ne matsalar ba.

Akwai kuma abubuwan da lissafin Turawa ba ya sakawa, alhali a nan suna kan gaba. Mai hawa babur ba hular kwano, da direban dare da ba ya ɗaura bel, wanda ke rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Matar da ta shekara ashirin tana hura icce a rufaffen madafi, hayaƙi na shiga huhunta. Mai haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwon jiki kullum daga hannun mai talla, waɗanda ke cinye ƙoda a hankali. Ga mace mai haihuwa kuma, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a Najeriya suke, don haka zuwa awo, haihuwa a hannun ƙwararru da tazarar shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki sun fi duk wata lamba da ke takardarta nauyi. Ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe ka, cire ɗaya ko biyu.

Zumunci kuwa ka ƙara masa ɗaya. Hadisin da ya ce mai son a yalwata masa arziki a jinkirta masa ajali ya sada zumuncinsa sananne ne, kuma wani nazari na 2010 da ya haɗa bincike 148 ya ga masu jama'a a kusa da su sun fi masu kaɗaici tsawon rai.

Mataki na shida: haɗa lissafi, sau biyu

Kada ka tara duk abin cirewa ka zabge shi gaba ɗaya, domin suna shiga cikin juna: tumbin da ya kawo hawan jini, shi ya kawo sugan, ba za a hukunta shi sau uku ba. Dabarar da nake bi ita ce in cire mafi girma dukansa, sauran in tara su in cire rabinsu.

A ce ga ɗan kasuwa mai shekara 45, yana zaman shago daga safe zuwa magariba. Mahaifinsa ya rasu a 53 da shanyewar ɓarin jiki. Yana shan taba tun yana saurayi, jininsa 155 bisa 95, igiya ta ƙi haɗuwa. Ya fara da 72. Taba ta ci 10, saura 62. Hawan jini 5, tumbi 3, gado 2, jimla 10, rabinsu 5. Ya tsaya a 57.

Yanzu ya ja layi ya sake lissafin a matsayin mutumin da ya daina taba a wannan watan, ya riƙe maganin hawan jini kullum, ya rage tumbi, yana takawa zuwa kasuwa. Asarar taba ta sauko daga 10 zuwa wajen 3, saura 69. Hawan jinin da aka danne a bar masa 2, tumbi 1, gado yana nan a 2 don ba ya goguwa, rabin jimlarsu wajen 3, saura 66. Tafiyar ƙafa ta ƙara 3, ya koma 69. Tsakanin layin farko da na biyu akwai shekara 12, kuma mahaifinsa bai da hannu a ko ɗaya daga cikinsu.

Ko wace lamba ka samu, kada ka rubuta ta ita kaɗai. Sa mata shekara goma gaba da goma baya, domin a cikin mutum ɗari masu hali irin naka wasu za su tafi tun kafin lambar, wasu su wuce ta nesa. Idan kai mai yawan damuwa ne, wanda lamba za ta hana shi barci, ka tsallake haɗa jimlar gaba ɗaya, ka tsaya a jerin abubuwan cirewa, ka ja da'ira a kan mafi girma.

Takardar dangin kuma kada ta kwana a aljihu. Kai ta wurin likita, domin tana sauya lokacin da ya kamata a fara wasu gwaje-gwaje: wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi sankarar hanji akan fara duba shi a 40, ko shekara goma kafin shekarun da ciwon ya bayyana a jikin ɗan'uwan, haka macen da uwarta ko 'yar'uwarta ta yi sankarar nono ba ta jiran shekarun da sauran mata ke jira. Ka ɗauki hotonta ka tura wa waɗanda kuke ciki ɗaya, tunda rabin abin da ke ciki nasu ne. Rubuta kwanan wata a sama, shekara mai zuwa ka sake auna jini da suga da igiya a ƙarƙashinsa.

Da na koma na nuna wa gwaggona takardar, ta bi sunayen da yatsa ina karanta mata. Mutum huɗu a ɗakin kakana, duk faɗuwa ɗaya da shanyewar ɓari. Ta yi shiru, sannan ta ce in zo mata da abin awon jinin nan ranar Juma'a, amma kada in kuskura in taɓa mata maganar gishirin miyarta.